Saniya Guda Suke Tatsa

Teburin shayina yana Kakuri,
daura da masaƙar da ta yi shiru,
inda ciyawa ta rufe tsohon layin dogo.
Nan Eusebio ya saba zama,
baƙon Sifaniya mai gyaran taransifoma,
gashin hannunsa kamar gemun masara.

Ranar farko ya nuna gwangwani da yatsa,
ya ce, "Leche."
Na ce, "Madara."
Muka gyaɗa kai kamar ƙadangaru a katanga.
Na rubuta ta da ajami a littafin bashi,
ƙarƙashin sunan Lawandi,
mai riƙe min ɗari bakwai tun azumi.
Na ce yau na yi kamu, kalma guda ta shiga aljihu.
Ashe rijiya ce gaba dubu.

Ran Talata guduma ta kuskure ƙusa,
ta sauka kan babban yatsansa.
Ya daka tsalle, ya ce, "Leche!"
Na huda gwangwani da wuƙa, na ruga,
ina zaton maganin garinsu ke nan.
Ya dube ni, ya dubi madarar,
ya yi dariya har hawaye, yatsa na zubar jini.
Ashe 'yar ashar ce ta wanda ya ji zafi.

Wani ɗan Keke ya wuce kamar an koro shi,
ya watsa mana ruwan kwata har kan burodi.
"A toda leche," in ji baƙona.
Wai gudu ma madara ne.
Da mai lemo ya cafke yaron ya shara masa mari,
wannan ma leche ce, an ba shi guda.
Daren Asabar a gidan kallon ƙwallo na Barnawa,
wani ya narka ta daga tsakiyar fili sai raga,
Eusebio ya rungume mutumin da bai sani ba:
"Es la leche!"
Yanzu kuma kirari ce.

Na ce, Malam, tsakani da Allah,
saniya guda kuke tatsa a ƙasarku,
ta ba ku zagi, ta ba ku yabo,
ta ba ku gudu, ta ƙara da mari?

Sai ran da Barau mai karɓar kuɗin wuri
ya zo da sassafe fuska a murtuke,
ya shuri bencina ba gaira ba dalili.
Eusebio ya sunkuyo, ya rage murya:
"Mala leche."
Mugunyar madara.
Wannan ban nemi tafinta ba.
Kakata a Giwa, in ta ga mai baƙin hali,
takan taɓe baki ta ce, a nono ya tsotsa.
Na tsaya da buta a hannu, ruwa na huci.
Ga hamada, ga teku tsakaninmu,
amma tsofaffinmu magana ɗaya suka yi.

To, ramuwar gayya.
Na zaunar da shi, na koya masa ci.
Kai ka ci burodi, Lawandi ya ci bashi,
Barau ya ci mutunci, 'yan wasanku sun ci kofi,
wuta ta ci wayar da kake gyara,
kasuwar Kawo tana ci ran Talata,
kogin nan kuma, in damina ta yi nisa,
yakan ci mutum.
Ya dafe kai da hannu biyu,
ya ce a hankali, "Leche."
Na san wacce yake nufi.

Wuta ta dawo unguwa, aiki ya ƙare.
Ya hau jirgin safe a Rigasa,
ya bar min tasta mai jan kai
da kofin da ba wanda nake ba.

Jiya murfin tukunya ya ƙona min hannu.
Kafin in yi salati kalmar ta riga ni fita.
Ɗanliti, yaron da ke min wanke-wanke,
ya taso da gudu, gwangwani a hannu,
har ya huda.
Na karɓa. Ban gyara masa ba.