Lemun Tsami

A Ikitos, inda kogin Itaya kan shigo har ƙarƙashin gado,
gidanmu na tsaye kan ƙafafun katako kamar zalɓe.
Shekarata goma sha huɗu.
Murya ta tsage kamar tsohuwar ƙwarya,
wandon bara ya tsaya a ƙwauri ya ce nan ya gaji.

Ina tuƙa kwalekwalen kawuna Eleodoro
daga asuba har inuwa ta juya,
ayaba a gaba, gawayi a baya,
ni a tsakiya, jiƙe sharkaf.
Wando ɗaya gare ni.
Kogi ya jiƙa, gumi ya ƙara,
in kwana da shi, in tashi da shi.

Sai ƙaiƙayi ya yi sallama.
Bai sauka a hannu ba, inda zan nuna wa kowa,
ya zaɓi matsematsi, inda kunya ta kafa shinge.
Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare.
Dare ya raba ina lilo a ragar barci,
ina lissafin wanda zai gaji takalmina.

Abokina Nicanor, likitan da bai gama aji biyar ba,
ya ce mutanen ruwa ne suka yi mini baki,
in matsa lemun tsami, in bi da toka.
Na matsa.
Allah ya isa tsakanina da Nicanor!
Na cije filafili don kada unguwa ta ji ihuna.

Kwana ashirin ban faɗa wa kowa ba.
Uwata ta ce na daina cin kifi.
Ƙanwata ta ce na zama mafaɗaci.

Kawu ne ya dube ni wata safiya,
ya ce, "Yaushe ka koma agwagwa?"
Bai jira amsa ba.
Ya juya kan jirgi, ayaba na nuna a rana,
ciniki ya wuce mu, bai ko waiga ba.

A asibitin bakin gaɓa akwai wata nas, Zoila Tapullima,
gilashinta ɗaure da zare a kunne ɗaya.
Na tsaya ina ƙirga ƙusoshin daɓe.
Ta saurara har na kai ƙarshe, ba ta yi dariya ba
sai da na zo kan lemun.

Ta ce, "Kai ne na bakwai a makon nan.
Ɗan'uwan makero ne, laima yake bi.
Ka yi wanka da ruwan tulu, sabulu kaɗan,
ka tsane jiki sarai kafin ka sa sutura.
Kada ka ari tawul, kada ka ba da aro.
Ga man shafawa, safe da dare,
ko ya lafa, ka ƙarasa kwanakinsa.
Sauran abin da ke ba ka tsoro,
sabon gashi, warin gumi, fatar da ta ƙara duhu,
wannan girma ne, ba a sha masa magani.
Amma in ka ga kumburi, ko gyambo, ko zafin fitsari,
nan za ka zo. Ba wurin Nicanor ba."

Rashin sani ya fi dare duhu,
na kuwa kwana ashirin a cikinsa, ga fitila a maƙwabta.

A kasuwar Belen kawu ya zazzage kuɗin gawayi
ya saya mini gajeren wando uku.
Da yamma suna kan igiya, iska na kaɗa su,
ni ko sai kallonsu nake kamar tutar ƙasa.

Yau ɗana Aldair ya shiga sha uku.
Yana daɗewa a banɗaki, yana fitowa ido a ƙasa.
Na ajiye sabon tawul a kan gadonsa,
na zauna a bakin ƙofa, ba kusa ba, ba nesa ba.
Na ce, "Zo ka ji labarin wani wawa
da rabin lemun tsami."