Makararriya

A Garwa, bayan ɗakina a Rumde Ajiya,
tsakanin randa da katangar da akuyar Hamajoda ke haurowa,
akwai wata 'yar itaciya, dangin yakuwa,
sai dai ba a miya da ita, ba a jiƙa ta a sha.
Reshe guda Astajam ta kawo min daga Ngaundere
a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.
Ta ce, "Inna, furenta garwashi ne."

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa.
Na san cibiya: inda ake ɗaurewa, inda ake yankewa.
Da hannun nan na ɗauki almakashi a watan Maris,
sa'ad da Binuwai ya janye ya bar yashi,
masu wanki na shanya a inda kwale-kwale ya bi.
Na lalubi ido a jikin reshe, ɗan kumburi kamar ƙurjin zafi,
na yanka sama da shi, a karkace, kada ruwa ya kwanta.
Busasshe ya tafi.
Mai juyawa ciki yana gugar ɗan'uwansa ya tafi.
Wani kuwa lafiya lau, kore shar,
na daɗe a tsaye kafin na datse shi.

Hamajoda ya leƙo ta kan katanga:
"Kin aske ta kamar ranar suna!"
Na ce, ka dai ɗaure akuyarka.

Ruwan wankin shinkafa nake ba ta da asuba,
da kashin akuyar nan, diyyar ɓarna.

Damina ta sauka.
Kuɓewa ta yi fure ta yi 'ya'ya,
auduga ta yi a gonakin hanyar Pitowa,
har rama, ƙanwarta, ta buɗe ido.
Ita kuwa ganye, ganye, ganye.
Jikata ta ce a tuge ta a sa tattasai.
Ban tanka ba.
Na sha ganin cikin da ya haura wata tara,
dangi na ƙirga kwana da yatsu,
ni kunnena na kan fata, ina jin bugu.

Sai da ruwa ya fara ban kwana,
dawa ta sunkuyar da kai,
wata Talata na fito da buta,
ga shi nan, ɗaya tak,
ja wur, a dunƙule kamar hannun jinjiri.
Da hantsi ya kai faɗin tafina.
Da magariba ya naɗe kansa ya faɗi.

Na tsince shi daga ƙasa.
Na taɓa riƙe masu yini ɗaya,
na san nauyinsu.

Sannan na duba inda na yanka a Maris:
kowane tabo ya fid da reshe biyu,
kowane reshe da ƙulli a baka.
Na kai goma sha bakwai na bari,
ba a ƙirga wanda bai iso ba.

Na shafa wa almakashi mai, na rataye a ƙusa.
Na ce wa jikata ta kwanta da wuri,
gobe da sassafe muna da haihuwa.