Ranar Suna a Yakasai

Kwana bakwai zanen na jingine da bango
yana shan iska.
Murhu ne kawai, da langa mai ɓantararren baki,
zanin Inna a igiyar shanya,
inuwar darbejiya ta cinye rabin tsakar gida.

Ba rago, ba wanzami.
Ni na raɗa masa suna:
"Kafin A Kwashe Tuwo."

Bayan la'asar na rataye shi a zaure.
Barira mai ƙosai ta daɗe a tsaye,
ta kai yatsa dab da langar, ta fasa.
"Tamu ce," in ji ta, "ta gidanmu na Koki
da titi ya bi ta kai."

Ban musa ba.
Na naɗe mata shi a tsohuwar jarida.