Inda Taru Ya Yage

Shekarata ta farko a kwalejin jinya ta Ernakulam
na shafe littafina da alƙalami mai ruwan ɗorawa,
layi bayan layi, har ba sauran fari,
kamar launin zai tashi ya shiga kaina da ƙafarsa.
Kwana uku kafin jarrabawa ban runtsa ba,
baƙin shayi kofi bakwai, ido ya zama garwashi.
Ranar da aka manna sakamako a bango
na faro neman sunana daga sama.
Can ƙasa na tsince shi:
Anumol, talatin da takwas.

Na hau jirgin ruwan Vypin ban ce wa kowa uffan ba.
Damina ta sauka, teku ya yi toka-toka.
Babana Chacko na zaune ƙarƙashin bishiyar kwakwa,
taru a cinya, yana bin sa ido-ido da yatsa.
Na ce, "Appa, ai jiya ka duba shi."
Ya ce, "Jiya tarun jiya na duba.
Wanda bai nemi ɓula a tudu ba,
kifi zai nuna masa ita a tsakiyar ruwa."
Ban san ko da ni yake ba.
Bai ɗago kai ba.

Washegari na rufe littafi.
Duk cikin abin da na yi, shi ya fi ciwo.
Farar takarda, fensir, na zana zuciya da ka:
ɗakuna huɗu, ƙofofi huɗu.
Biyu na tuna, biyu sun bi ruwa.
Kunya ta kama ni, ni kaɗai a ɗaki,
amma ga ɓular nan, na gan ta,
na sa mata zare.

Minti ashirin ne tsakanin gaɓa da gaɓa.
Dā a kallon hankaki nake ƙarar da su.
Yanzu aljihuna cike yake da guntayen kwali,
tambaya a gaba, amsa a baya,
ba na juyawa sai na yi gumi.
Abin da na koya Litinin
sai in bar shi ya fara dusashewa,
in kira shi Alhamis, ya zo yana ɗingishi,
in sake kiransa bayan mako, ya zo da gudu.

Daga bakwai zuwa tara
wayata a gwangwanin shinkafa take zama.
Amma ce ke riƙe da murfin,
kuma ba ta san lallashi ba.

Sai kakata Thresiamma,
wadda ko sunanta ba ta rubutawa.
Tana kankare kifi, ina yi mata darasi.
"Jini yana fita ta nan."
"Don me?"
"Don ya je huhu."
"Ya ɗauko me? Wa ya aike shi?"
Duk inda na fara in-ina, ta ɗaga wuƙa ta nuna ni:
"Nan ba ki sani ba, baki kawai kike motsawa."
Malamai uku ba su kama ni haka ba.

Shibin, abokin karatuna, har yau yana kwana zaune.
Na ce ya gwada barci, ya ce barci na masu kuɗi ne.
Ni ƙarfe goma na kashe fitila,
in bar kai ya jera kayansa cikin duhu.

Saba'in da ɗaya na samu a zango na gaba.
Ban zo ta ɗaya ba, ko kusa.
Appa ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɗinki.

Da dare kaka ta miƙo mini hannu.
Na ɗora yatsu biyu, ina ƙirge da agogo.
Ta ce, "Ƙofofin nan huɗu da kika ce,
duk suna rufuwa daidai?"
Na ce ta yi shiru tukuna,
ina saurare.