Digiri Biyu da Rabi

Lahadi, a filin ajiye motocin tsohuwar masaƙa a Toledo,
Wendell ya durƙusa, gwiwa a kwalta,
ya ja layi uku da alli a kafaɗar taya
kamar wanzami mai tsaga.

Na zaga hulunan roba masu ruwan lemo.
Sakan hamsin da ɗaya,
ga guda na ture a kwana ta shida. Tarar sakan biyu.

Ko agogo bai kalla ba, allin ya duba:
ya goge har gefe.
Ya ce, "Lorna, motarki da gefen ƙafa take takawa,
irin tafiyata tun da aka yi mini aikin ƙugu."

Jak, sifana, noti biyu masu taurin kai.
Muka karkato kan tayoyin gaba ciki,
digiri biyu da rabi.
A tsaye sai ka ce mai gwame.

Amma a kwana ta shida
ta kwanta, ta dafe ƙasa da tafinta duka.
Hamsin cif, hula ko ɗaya ba ta faɗi ba.

Ya shafa robar: ciki, tsakiya, waje,
ɗumi ɗaya.
Ya jefa allin a aljihu.
"Hanyar ofis za ta cinye miki cikin tayar kafin hunturu.
Kada ki ce ban faɗa ba."