Ɗakin da ke Saman Shagona

Ni tela ne a Gwammaja,
shekara ashirin da ɗoriya ina taka keke,
kunnena bai san wani kiɗa ba sai na almakashi.
Bara, bayan ƙaramar Sallah,
aka kama hayar ɗakin da ke samana,
wai yaran unguwa za su koyi tsara waƙa.

Na ce wa mai gidan, ka jawo mana surutu.
Ya ce, Halliru, wata shida suka biya a dunƙule.
Sai na mayar da bakina kan zare.

Asabar bayan la'asar suke hawa.
Na san takunsu tun ban san sunayensu ba:
mai jan silifa, mai tsallake matakala bibbiyu,
da wata mai tsayawa a ƙasa tana gyara hijabi
kamar wadda za ta shiga jarrabawa.

Malama Zuwaira ce da makulli.
Jarinta baƙin allo, kalangu ɗaya mai faci,
da fiyano na lantarki da haƙori guda ya mutu.
In an ɗauke wuta ba ta sallamar kowa,
benci ma ganga ne, in ji ta.

Ta cikin silin nake jin dokarta:
"Wata guda cur, kar in ji masoyiya,
kar in ji an kira wata tauraruwa.
Abin da ƙafarka ta taka yau,
shi nake so ka kawo min."

Sai Nafi'u, mai wankin adaidaita sahu a bakin titi,
ya kawo abin da yake tsinta ƙarƙashin kujera:
ɗan kunne wari guda, katin asibiti,
goron da aka gutsura aka manta.
Ya ce kowanne da mai shi,
kuma mai shi yana can yana lalube.

Baraka ta zo da karin injin markaɗen uwarta,
yadda yake tari kafin ya kama,
yadda muryarsa ke sauyawa in an zuba wake.
Suka yi dariya. Malama ba ta yi ba.
Ta ce, maimaita.

Akwai Sagir, mai i'ina.
Sallama kaɗai sai ta ɗauke shi tafiyar Kurna,
amma ranar da aka ɗora masa baiti a kan kiɗa
ya wuce sumul, ko tuntuɓe babu.
Na tsayar da keke. Allura na cikin wuyan riga.
Ban san na tsaya ba sai da mai rigar ya yi gyaran murya.

Ba kullum ake daɗi ba.
Sun yi faɗa kan wa ya sace layin wa,
biyu sun daina zuwa, ɗaya babansa ne ya hana.
Wani mako ba kuɗin fetur,
wani mako Malama na jinyar ɗanta,
ɗakin ya yi tsit, na rasa me ke damuna.

Rannan sai ga Baraka a ƙofar shago,
waya a hannu, tana sunkuyar da kai:
"Baba Halliru, don Allah ka sake takawa.
Karin da muke nema tun ɗazu
ashe yana ƙarƙashin ƙafarka."
Na taka. Suka ɗauka. Suka haye da gudu.
Da yamma na ji kekena a sama
an sa masa kalangu, an sa masa murya,
tsohon ƙarfe ya zama ango.

Yanzu a bayan littafin awo,
ƙasa da kafaɗa sha takwas, tsawo arba'in da biyu,
akwai layi uku da na rubuta da fensir
kan mutanen da ke kawo ɗinki su ƙi dawowa karɓa.
Na huɗun ya ƙi zama.
Ban nuna wa kowa ba.
Matakalar dai goma sha ɗaya ce,
na ƙirga.