Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

Ranar Talata, a hawan Aboabo,
buhun masara goma a bayana,
wata 'yar fitila ruwan ɗorawa
ta buɗe ido a gaban sitiyari.
Ba hayaƙi, ba ƙara.
Mota dai ta soma jan ƙafa kamar mai ciwon kwankwaso,
ta ƙi wuce giya ta biyu.

Tsohuwar a-kori-kurar babana,
in ta yi tari ka san kafireto ne:
ka hura, ka ƙwanƙwasa da sifana, ta tashi.
Wannan kuwa ba ta magana da talaka.

Na lallaɓa ta har Suame Magazin.
Masta Boakye ko bonet bai ɗaga ba.
Ya kira yaronsa Sallau,
ya soka na'ura ƙarƙashin sitiyari,
suka duƙa suna karatu kamar masu duba.
"Sensa ce. Sidi ɗari takwas."

Na biya. Kwana uku, fitila ta dawo.
Aka ce dizal ɗin da na sha da ruwa,
aka canja filta.
Ta dawo.
Aka ce sai an yo odar ƙwaƙwalwa daga Tema,
na daina barci.

Jiya Sallau ya shige ƙarƙashinta shi kaɗai,
ya fito da guntuwar waya a tafinsa,
duk sawun haƙori.
Ɓera.
Fasinjan da na ɗauko da hannuna cikin masara.

Salatif na sidi biyu ya kashe fitilar.
Yanzu kyanwa ke kwana a kujerar gaba,
ita ce garantin da na yarda da shi.